Wace ce aka lulluɓe a bayan jaririn?

Malama, kin tambayi ko wane ne aka lulluɓe da zane a bayan jarirai a tsofaffin hotunan Ingila da Amurka na ƙarni na 19. Galibi uwar ce. Kyamarar lokacin sai an yi daƙiƙu ba motsi kafin hoto ya kama, jariri kuwa ina zai tsaya? Sai mai hoto ya zaunar da uwar, ya yafa mata labule ta koma kamar kujera, ta riƙe ɗanta. Duba da kyau, wani lokaci za ki hango yatsunta a ƙugunsa. Wallahi abin yana taɓa min zuciya.

Juya katin da aka manna hoton a kai ma. Ƙananan katunan hoton nan irin waɗanda wani mai hoto, Disderi, ya yi wa rajista a Faransa a 1854, sau da yawa sunan mai hoton da garinsa na bayansu.