Eriyar 60 GHz: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da intanet na faiba a shagona kusa da Taminus a Jos, ina so in kai shi gidan kallon ƙwallona da ke Gangare. Yaron da ke mana haɗi ya ce in sayi eriyar 60 GHz guda biyu, wai gudunta daidai da faiba. Kuma zan iya raba wa maƙwabta tashoshin talabijin da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi maka ƙarya ba. Amma kafin ka zaro ko sisi, sa shi ya hau rufin shagon ya hango rufin gidan kallon da idonsa. In bai hango ba, ciniki ya watse.

Zangon rediyo na 60 GHz tsawonsa milimita 5 ne kacal. Yana kwasar data har gigabit guda a daƙiƙa, sai dai ba ya ratsa bango, ba ya kewaya dutse, ko ganyen mangwaro tare shi yake yi. Jos kuwa ba sai an ba ka labarin duwatsu ba. Iskar oksijin ma shanye shi take yi, shi ya sa ƙananan eriyoyin ba su cika wuce kilomita ɗaya ba.

Babban abin dubawa damina ce. Ruwa mai ƙarfi irin na Agusta kan tsinke haɗin, kuma a watan ne ake buɗe gasar Ingila, ɗaki cike da 'yan kallo da suka biya kuɗinsu. Don haka nemi mai ɗauke da 5 GHz a cikinta, wadda ke karɓa da kanta in babbar ta yanke. Kamfanonin MikroTik da Ubiquiti duk suna yin irinta. Kada a ɗaure ta a siririn bututu, iska na girgiza shi saiti ya goce. A sa wayar kariyar tsawa. In yaron zai yarda, riƙe cikon kuɗinsa sai an yi ruwa ka ga yadda ta yi.

Batun talabijin kuwa, cire shi daga lissafi. An gwada raba tashoshi ta irin wannan hanya a New York a shekarun 1990 kan 28 GHz, bai yi kasuwa ba. A nan, raba tashoshi sai da lasisin hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa (NBC), sayar da intanet sai da na hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC). Maƙwabcin da ke son kallo ya sayi dikodar FreeTV, a Jos aka fara ƙaddamar da ita a Afrilun 2016.