Amsar Yaya kan maganar ɗaga guznek ɗin Mirror

(Muryar da Yaya ya turo jiya da daddare ce, na rubuta ta saboda waɗanda ba sa samun damar sauraro a wurin aiki.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na ji saƙonka, hotunan ma na gani. Allah ya sanya alheri, ya sa yara su more shi. Don waɗanda ba su bi zancen ba: ya sayi tsohon ƙaramin jirgin ruwa ne mai tafiya da iska, Mirror, na katako, kuma abu biyu ke damunsa. Bum, wato sandar nan ta kwance da ke riƙe gindin ƙyallen da iska ke turawa, tana sunkuyowa ta baya har tana ƙwalar yara a ka, sannan tana yawan zarewa daga guznek, ƙarfen da ya haɗa ta da jigo, wato sandar da ke tsaye a cikin jirgin. Shi ne yake so ya kwance guznek ɗin, ya huda sabbin ramuka, ya mayar da shi sama kamar taƙi guda.

To ƙanena, don Allah ajiye abin hudan nan tukuna. Za ka bar jaki ka daki taiki. Guznek gaban bum kawai yake riƙewa. Bayan bum kuwa, wanda ke dukan kan yaran, a jikin ƙyalle yake rataye, shi kuma ƙyalle a sama yake rataye. Saboda haka in ka ga baya ya sunkuyo, sama za ka fara dubawa.

Ka san irin jirgin da ka saya? Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara shi a nan Ingila, aka fito da shi a 1963, jaridar Daily Mirror ce ta ɗauki nauyinsa, shi ya sa ƙyallensa ja kamar tambarin jaridar. Tsawonsa mita 3.3 ne, kuma an ƙera sama da 70,000. Abin da ya shafe mu shi ne, tsofaffin irin naka jigonsu gajere ne, sai a ƙara masa wata sanda da ake janyewa sama ta miƙe a bayansa, an yi haka ne don duk sandunan su kwanta a cikin jirgin in za a ɗora shi a kan mota. To wannan sandar ta sama, dole ta manne da jigo tsam. A hotonka na biyu ina hango sarari tsakaninsu, hannu zai shige. Da zarar kanta ya kwanta baya, ƙyalle ya sauko, bum ta biyo shi. Rabin matsalarka ke nan.

Me ke hana ta mannewa? Ko dai kullin da ka yi wa igiyar janyewa ya yi tsawo, ya kai bakin kura, wato 'yar tayar da igiya ke bi ta kanta, ya tokare kafin sandar ta iso, ko igiyar tsohuwa ce tana miƙewa in iska ta cika ƙyalle. Ka gajarce kullin iya gajarta. In igiyar ce, sauya ta da wadda ba ta miƙewa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sai na uku, wanda shi ya fi kama sababbin shiga: janye ƙyalle alhali madanniya na ɗaure. Madanniya ita ce igiyar nan mai kura da ta taso daga gindin jigo a karkace ta kama bum. In tana ɗaure, kana ja sama tana ja ƙasa, sai ka ji igiya ta yi tauri ka ɗauka ka kai ƙarshe, alhali da saura.

Ɗaya rabin, tsayuwar jigon kansa. Wayoyi uku ke riƙe da shi, biyu a gefe, ɗaya a gaba. In ta gaban ta saki, jigo zai jingina baya. Kada ka raina wannan jinginar. Bum ɗinka ta ɗan haura mita 2, in jigo ya karkata digiri 1 kacal, ƙarshenta zai sauka kusan santimita 4. Digiri 3 ka ga an wuce santimita 10, wato kamar rabin taƙin nan da kake nema ta hanyar huda.

Ga yadda za ka yi ran Asabar, jirgi na kan amalankensa a tudu, hancinsa na fuskantar iska. Af, kafin ka ta da jigo, ɗaga kai ka tabbata babu wayar lantarki a sama, musamman in za ka tura shi zuwa bakin ruwa da jigo a tsaye. An sha rasa rayuka ta nan, ba wasa ba ne.

Fara da duba gurbin da ka dasa jigon. Tsofaffin Mirror gurbi biyu gare su. Na gaba na ranar da za ka fita da babban ƙyalle shi kaɗai ne, na baya kuma in ka haɗa da ƙaramin ƙyallen gaba. Kai da yara kake fita da ƙyalle biyu, to na baya ne naka. Sannan ɗaura wayoyin gefe, ka ƙirga ramukan farantin ƙarfen da ake maƙala wayar a kowane ɓangare su zo daidai. Amma kada ka yarda da ƙirgen ramuka kawai, tsohon jirgi ne, wataƙila wani ya taɓa sauya waya ɗaya. Ɗaura tef ɗin awo a igiya ka ja shi ƙololuwar jigo, ka auna zuwa bakin jirgi na dama, ka auna zuwa daidai wannan wurin na hagu. In sun bambanta, jigonka ya karkace, kuma za ka ji jirgin na tafiya da daɗi a hannu ɗaya, a ɗayan yana gardama. Daga nan sai ka ja wayar gaba har na gefen su yi tauri. Ba irin taurin da zai wahalar da katako mai shekaru ba. In kana kan ruwa cikin matsakaiciyar iska ka ga wayar ɓangaren da iska ba ta bugowa ta ɗan saki kaɗan, babu laifi. In tana lilo tana kaɗawa, ƙara ja.

Ka kuma ce sandar tuƙi na fizgar hannunka, jirgi na son juya hanci cikin iska. Duk tafiyar ɗaya ce. Jigo in ya jingina baya, ƙarfin iska ya koma bayan jirgi, sai ya riƙa juyawa haka. Matso da kan jigo gaba rami ɗaya, ka gwada. Rami ɗaya fa, kada ka taɓa abu biyu a fita ɗaya, don ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kuma ka bar masa 'yar fizga kaɗan. Ni na fi son haka ga jirgin yara, domin in yaro ya saki sanda, jirgi zai juya cikin iska ya tsaya, maimakon ya ruga da su.

Yanzu zarewar bum. Shi guznek irin wannan ɗan tsinken ƙarfe ne da ke shiga rami a bakin bum, yana lanƙwasa sama da ƙasa, yana juyawa dama da hagu. Ba a ɗaure yake ba, kuma da gangan aka yi shi haka. Abin da ke riƙe bum a kansa ja ne: madanniya, saboda a karkace take, tana danna bum ƙasa tana kuma tura ta gaba cikin tsinken. To tsarin shi ne, saki madanniya gaba ɗaya, janye ƙyalle har sandar sama ta manne, sannan ka zura bum a tsinke, ka ɗaure kusurwar ƙyalle ta gindin jigo, ka ja ta ƙarshen bum, madanniya ce ta ƙarshe. In ka ga ƙyalle ya yi tamoji a kwance daga jikin jigo, gabansa ya saki, ja shi ƙasa kaɗan. In kuma ninki ɗaya ne dogo ya bi tsawon jigo, ka ja da yawa, sassauta.

Akwai jiragen da guznek ɗinsu ke zamewa a kan layin ƙarfe, a ɗaure shi da ɗan noti na hannu, irin tsofaffin GP14 da Enterprise, su ma na Jack Holt ne. Waɗannan a kan ɗaga shi a janye ƙyalle, sannan a danno shi ƙasa. Naka a hoto kafaffe ne, in ka mayar da shi sama, gaban ƙyalle zai yi masa tsawo, ya tattare a gindi, ga ramukan banza a jigo daidai inda ya fi shan nauyi.

Abin da nake so ka duba a jikinsa shi ne lalacewa. Kama shi ka girgiza. In yana motsi a jikin jigo, kusoshin sun saki. In jigon alminiyom ne, ka ga farin gari kamar gishiri kewaye da ƙarfen, to ƙarfe mara tsatsa da alminiyom ne ke cin juna, ruwan teku na ƙara musu wuta. A cire, a goge, a shafa man raba ƙarfe irin Duralac, a mayar da ribit na ƙarfen Monel. In na katako ne kuma ramin sukuru ya rube, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen, a cike da gam ɗin efoksi, a sake hudawa a wurin, a sa sukuru mai lamba 316, wanda a shago za ka ga an rubuta A4. Ramin bakin bum ɗin ma duba shi, in ya buɗe ya zama kamar ƙwai ko katakon ya tsage, tsinke ba zai zauna ba ko ka ja madanniya da ƙarfin tsiya.

Wayoyin kuma ka bi su da tsumma, ba da yatsa ba, musamman kusa da inda aka matse bakinsu. In tsumma ya maƙale, sili ya tsinke, a sauya wayar. 'Yan zobban da ke tare fil ɗin wayoyi ka naɗe su da salatif, igiya na iya fizge su jigo ya faɗo kan mutane.

In ka gama duk wannan, turo mini hoto ɗaya daga gefe, ƙyalle a sama, ka ja baya sosai yadda zan ga jirgin gaba ɗaya, da wani na bakin bum daga kusa. A gaida mutan gida da yaran. Sai na ji ka.