Amsar tambayar Yaya kan kare da ƙuri'a a Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a gaishe mini da Inna da duk mutanen gida.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce a majalisarku ta Tudun Wada an yi ta gardama kan hotunan karnuka a bakin rumfunan zaɓe, wasu na cewa haɗi ne, wasu na cewa ai Bature yana iya juya wa ɗan takara baya saboda kare. Hotunan gaskiya ne. A nan ranar Alhamis ake zaɓe, kuma ba a hana zirga-zirga kamar gida, sai mutum ya fito zagayen safe da karensa, ya ɗaure shi a bakin ƙofa, ya shiga ya jefa ƙuri'a. Da idona na gani a nan Manchester ranar 4 ga Yulin 2024, don mu 'yan Najeriya masu takardar zama muna da ƙuri'a, albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

Sai dai ba za ka gane maganar ba sai ka cire karen Zariya daga ranka. Namu na gadi ne ko na farauta, ya kwana a zaure ko a gona, ya ci ƙanzo, idan ya ratsa unguwa yara su bi shi da jifa. Na nan kuwa ɗan gida ne. Ka san aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wata tsohuwa da na yi shekara uku ina zuwa wurinta, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, sai a yi sati ba wanda ya buga mata ƙofa in ba ni ba. Wani ɗan ƙaramin kare ne ke tashinta da safe, saboda shi take fita ta taka ƙasa, da shi take hira. Lokacin kamfe na same ta ta baje takardun 'yan takara a kan tebur, tana bin su layi-layi tana neman abin da kowa ya ce game da dabbobi. Na tambaye ta dalili. Ta ce wanda ba ya tausayin abin da ba ya iya kai ƙara, ita ma ba zai tausaya mata ba ranar da bakinta ya mutu. Yaya, wallahi maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai.

'Yan siyasa sun san da irin wannan tsohuwa, shi ya sa dokoki ke ta fitowa. Tun 2016 dole ne a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi. A 2021 aka ɗaga hukuncin cin zalin dabba daga ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5. A 2024 aka mai da satar kare laifi mai zaman kansa, ba a ƙara lissafa shi da satar keke ko waya.

Wanda ya fi zama darasi shi ne na Theresa May, firaministar Birtaniya a 2017. Tun 2004 aka yi dokar hana farautar dila da karnuka, wasan da masu hali ke yi a kan dawakai. A kamfen 2017 ta ce ita tana goyon bayan farautar, kuma za ta bar majalisa ta sake duba dokar. Jam'iyyarta ta rasa rinjaye a zaɓen. Dalilan faɗuwar suna da yawa, ba zan ɗora wa dila duka ba, amma a Janairun 2018 da bakinta ta janye alkawarin, ta ce ta ji saƙon jama'a. Kuma ka tuna a nan wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ya ci. A wannan zaɓen na 2017 akwai mazaɓa a Sikotlan da aka ci da ratar ƙuri'a 2. Mai neman kujera irin wannan ba zai raina masu karnuka ba.

Kada kuma ka ɗauka bakinsu ɗaya ne. Da gwamnatin Rishi Sunak ta haramta wani jinsin kare mai ƙarfi da ake kira XL Bully bayan ya hallaka mutane, ta ce daga 1 ga Fabrairun 2024 ba mai riƙe shi sai da takardar izini da takunkumi a baki idan an fita da shi, masu karnuka rabuwa suka yi biyu. Wasu suka ce laifin mai kiwo ne ba na dabba ba, wasu suka ce dama an makara. A Amurka ma Kristi Noem, gwamnar Dakota ta Kudu a lokacin, ta rubuta a 2024 cewa ta harbe karyarta 'yar wata 14, 'yan jam'iyyarta da abokan hamayya suka yi mata ca, maganar ba ta takarar mataimakiyar Trump ta bi ruwa. Amma shekara na zagayowa aka ba ta minista.

Abin da na fahimta ke nan: yawancin mutane tsadar rayuwa da kuɗin haya da layin asibiti ne ke kai su rumfa. Kare ma'aunin hali ne. Idan 'yan takara biyu suka yi kunnen doki a zuciyar mutum, a nan yake raba gardama.

To mu Hausawan nan fa? Da wuya ka ga mai kare a cikinmu. Da yawanmu idan muka hango shi sai mu tsallaka titi, kuma maƙwabta na jin zafin haka fiye da yadda muke zato. Ni sai da na tuna karatun da muka yi a zauren Malam, cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, da hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, sannan na daina ɗari-ɗari a gidajen da nake aiki. Amma duk lokacin da ɗan takara ya ce haƙƙin dabbobi, kunnenmu na tashi, don abin da maƙwabciyata ke ji kare ne, mu kuwa yanka muke ji. Dokar Ingila ta yarda Musulmi da Yahudawa su yi yanka ba tare da an sumar da dabba ba. Denmak ta hana haka tun 2014, yankuna biyu na Beljiyam suka bi sahu a 2019. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shi ya sa idan ɗan takara ya zo masallacinmu, dattawa kan tambaye shi kai tsaye inda ya tsaya kan naman halal. Akwai masu maganar don tausayin dabba tsakani da Allah, akwai kuma masu fakewa da ita don ba sa son ganinmu, kuma rarrabe su aiki ne. Ni dai na fi son wanda zai tsananta wa mai azabtar da dabba, ya kuma bar mana yankanmu, don a addininmu biyun ba sa karo: an umarce mu da wasa wuƙa da hutar da abin yanka.

Tunda ka ja ni, bari in mayar maka da tambaya ka kai majalisa. Ciwon haukan kare yana kashe yara a ƙasarmu, kuma idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, alhali allurar rigakafi ga karnuka tana tare shi tun daga tushe. Ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru. Ka taɓa jin an tsayar da mai neman shugabancin ƙaramar hukumar Zariya ko Sabon Gari an tambaye shi me zai yi kan wannan?

Kafin nan, karnuka biyun nan da ke gadin gonar Baba, don Allah a sa su a Keke Napep a kai su Samaru a yi musu allurar. Su Abba kullum suna wasa da su. Zan turo kuɗin ranar Juma'a in Allah ya kai mu.

Ƙanwarka.