Kumbon roba na haɗawa: a ina ribar take?

Wani mai shagon kayan wasan yara a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya tambaya: yana son shigo da ƙananan samfuran kumbon sararin samaniya, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali. Ya sayar da su a haka, ko ya haɗa? In kuma wani ya karye, ya zama asara ke nan?

Alhaji, ribar tana cikin aikin hannu. Kwalin babba ne amma ba nauyi, masu dakon jirgin sama kuma sukan caji girman kwali idan ya fi nauyinsa, don haka kafin ya iso Kaduna ya riga ya yi tsada. Mai saye kuma in ya buɗe ya ga tarin gutsattsarin roba, zai ce an cuce shi. Ka fara da uku kacal, ka haɗa ɗaya ka ajiye a shago. Masu makarantun kuɗi da ke son abin nuna wa ɗalibai su ne kasuwarka ta farko. Ka haɗa da samfurin jiragen sama ma, tunda garin nan na sojan sama ne.

Ɗauki Saturn V, rokar da ta kai kumbon Apollo 11 duniyar wata a 1969. Tsayinta ya kai mita 110, saboda haka samfurin 1:144, wato wanda aka rage tsayinsa sau 144, yana kaiwa wajen santimita 77. Ka auna kantarka tun kafin ka yi oda.

Wajen haɗawa, kada a murɗe sassa daga firam ɗinsu da hannu. A yanke da ƙaramar filaya, a goge gurbin da samfefa mai lamba 400, sannan 600. A gwada haɗa kowane sassa biyu haka nan kafin a sa gam. Gam ɗin da ya dace shi ne na robar samfuri, irin Revell Contacta ko Tamiya Extra Thin, wanda ke narka bakin robar ya haɗe su. Ɗigo kaɗan ya isa, in ya yi yawa sai ya cinye zanen jiki. Sufa gulu kuwa yana sa sassa masu haske su yi fari kamar hazo, su farin gam na kafinta ake sa musu.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne fenti. Gangar roka rabi biyu ce, kuma layin haɗinsu yana fitowa ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin farin fenti, sai an cike shi da fila, wato ƙullun toshe rami, an goge. A wanke da ruwan sabulu, a fesa shafin farko, sannan fari siriri-siriri sau biyu ko uku daga nisan santimita 25 zuwa 30. Fentin mota in aka zuba da kauri yana cin robar. Da hunturu, ana gama fesawa a kifa kwali a kai, in ba haka ba ƙura ta zauna. Sitikar ruwa kuma, wato wadda ake jiƙawa kafin a manna, a kan fenti mai sheƙi ake ɗora ta. A kan mara sheƙi iska na maƙalewa a ƙasa, gefenta ya yi fari.

Karaya ba asara ba ce. A huda ɓangarorin biyu da ƙaramin rami na milimita 1, a zura guntun waya, a ɗiga sufa gulu. Wanda ya lanƙwashe a tsoma shi a ruwan zafi da bai tafasa ba, a miƙar, a sa a ruwan sanyi. Kada dai ka bar kaya a mota ko dab da rufin kwano a zafin Maris da Afrilu.

Farashi kuwa, ka tara kuɗin kwali, dako, gam, fenti, akwatin gilashi da ladan kwanakin mai haɗawa, sannan ka ɗora riba. Kuɗin gyara daban ne, ka faɗa tun ranar ciniki. Kuma in mai saye ne ya sa a haɗa masa, kada ka yanke ko gutsure ɗaya sai an ba ka rabin kuɗi kafin alƙalami.