Tambaya da Amsa: Ɗalibi da Zaman Koyon Aiki a Gidan Zu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji uku na jami'a, ina karanta ilimin dabbobi, kuma a zango mai zuwa za a sallame mu mu tafi koyon aiki na wata shida. Yawancin abokaina asibiti da ɗakunan gwaje-gwaje suke nema, ni kuwa zuciyata ta karkata ga gidan zu. Mahaifina ya ce bai tura ni jami'a don in je kwasar kashin kura ba. Shin gidajen zu suna karɓar ɗalibai, ana biyan wani abu, kuma me mutum zai koya a can?
Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Suna karɓa, kuma hanyar da za ka bi ita ce wadda abokanka masu neman asibiti za su bi, wato SIWES, tsarin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta tarayya, ITF, take kula da shi. An kafa wannan hukuma a 1971, hedikwatarta tana Jos, kuma ta ɓullo da tsarin ne a farkon shekarun 1970 saboda kukan da masu ɗaukar ma'aikata suke yi cewa ana yaye ɗalibai da ilimin takarda ba tare da hannunsu ya taɓa aiki ba. Za ka karɓi takardar gabatarwa daga ofishin SIWES na makarantarku, ka kai ta ga shugaban gidan zu da kanka, ka jira takardar amincewa, sannan ka mayar da ita makaranta. Shawarata ita ce ka kai takardar tun da sauran wata biyu ko uku, domin gidan zu ba ma'aikata ba ce mai ofisoshi da yawa da za ta kwashi ɗalibai masu yawa a lokaci guda, kuma kowane ɗalibi sai an haɗa shi da ma'aikacin da zai riƙa bi.

Wuraren da za ka iya nema ba su da yawa, amma suna nan. Ga gidan zu na Audu Bako a ƙofar gidanku, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin gwamnan da aka sa wa wurin sunansa. Akwai gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, akwai na Sanda Kyarimi a Maiduguri, sannan Jami'ar Ibadan tana da gidan zu nata tun 1948, wanda asalinsa ma don koyar da ɗaliban ilimin dabbobi aka kafa shi. Idan kuma dabba a cikin dajinta kake son gani, sai ka duba Yankari a Jihar Bauchi, sai dai aikin can ya fi karkata ga sintiri da ƙidayar dabbobi da yaƙi da mafarauta, ba ciyarwa da jinya ba.

Game da kuɗi, kada ka sa rai. Alawus ɗin SIWES daga gwamnati yake fitowa ta hannun ITF, ba daga gidan zu ba, ɗan kaɗan ne, kuma sau da yawa sai an gama zaman da daɗewa yake shigowa. Saboda haka ka yi lissafin kuɗin mota da na abinci kafin ka zaɓi garin da ba ka da masauki.

Yanzu sai maganar Baba, kuma ina roƙonka kada ka yi jayayya da shi, domin ya faɗi gaskiya: za ka kwashe kashi. Tun da sassafe, kafin a buɗe wa masu ziyara ƙofa, aikin da ake fara yi shi ne share keji, da wanke mazubin ruwa, da kwashe ragowar abincin jiya, da yanka nama da gyara ganye da 'ya'yan itace. Ɗalibin da ya je da burin ɗaukar hoto kusa da zaki zai gaji tun a makon farko. Abin da ya kamata ka fahimtar da Baba cikin ladabi shi ne, a wannan fanni kashin dabba takardar asibitinta ce. Dabbar daji tana ɓoye ciwo, saboda a dawa duk wadda ta nuna rauni ita maharba da manyan namun daji suke fara bi, don haka barewa ko gwanki kan iya kwana da kwanaki da ciwo a jiki suna tsaye kamar lafiya lau. Wanda ya fara gane akwai matsala shi ne mai shara, da ya lura cewa kashin ya canza launi ko ya yi ruwa, ko an bar rabin abincin jiya, ko dabbar ta ware kanta daga 'yan uwanta. Daga wannan kashin ne ake ɗibar samfur a duba a madubin likita a gano ƙwan tsutsar ciki, kuma wannan gwaji ne da ka karanta a aji, wanda yanzu za ka yi shi da hannunka.

Bayan wannan akwai lissafin abinci, wanda a ganina shi ne darasi mafi amfani da za ka fito da shi. Babban zaki yana buƙatar kimanin kilo biyar zuwa bakwai na nama a rana, kuma gidajen zu da yawa sukan ware masa ranar da ba a ba shi abinci, domin a dawa ma ba kullum yake samun farauta ba. Naman ma ba tsoka zalla ake ba shi ba, sai an haɗa da ƙashi, saboda tsoka kaɗai ba ta da isasshen sinadarin da ke gina ƙashi, kuma ɗan zakin da aka rena da ita yakan tashi da lanƙwasassun ƙafafu. Giwa kuwa takan ci sama da kilo ɗari na ciyawa da ganye a rana. Idan ka zauna da mai kula da rumbun abinci ka ga yadda ake raba kuɗin da ake da shi tsakanin kura da jimina da kada da birai, musamman da rani lokacin da ɗanyar ciyawa ta yi wuya, za ka fahimci abin da babu malamin da zai iya zana maka a allo.

Abu na ƙarshe, ka tafi da tambaya ɗaya a ranka wadda kake son amsawa, ka riƙa rubuta abin da ka gani kullum a littafin rahoton da makaranta za ta ba ka, kada ka bari sai ƙarshen wata ka zauna ka cike shi da ƙirƙira. Misali, kana iya lura da yadda halin birai yake canzawa a ranakun Sallah, lokacin da gidan zu na Kano yake cika maƙil da yara, ka kwatanta da ranakun da babu kowa. Wata shida na irin wannan rubutu ya isa ya zama tushen kundin bincikenka na aji huɗu.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana karanta kiwon lafiyar dabbobi a matakin difloma, kuma ta ce gidan zu take so ta yi wata huɗunta. Ni tsoro nake ji. Ashe ba a taɓa jin zaki ya kashe mai ba shi abinci ba?
Daga wata uwa, Zariya.

AMSA: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma ba zan ce miki babu haɗari ba. A watan Fabrairun 2024 zaki ya kashe wani daɗaɗɗen ma'aikacin gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a lokacin ba da abinci, kuma mutanen Kano ba su manta da zakin da ya kuɓuce daga kejinsa a watan Oktoban 2019 ba. Sai dai a tsarin aiki na ƙwarai ɗalibi ba ya shiga inda zaki ko kura ko damisa take. Kejin irin waɗannan dabbobi ɗaki biyu ne da ƙofa a tsakani, ana kora dabbar ɗaya ɓangaren a kulle, a tabbatar da kullewar, kafin a shiga share ɗayan, kuma wannan aikin manyan ma'aikata ne. Ki ja mata kunne cewa duk wanda ya ce ta shiga ko ta miƙa hannu saboda wai dabbar ta saba da mutane, ta ƙi, ko da shi ne yake sa mata hannu a littafi.

Haɗarin da ya fi kusa da ita ba shi da hayaniya. Biri yana cizo yana yakushi, jimina tana harba ƙafarta zuwa gaba har ta yi wa mutum mummunan rauni, sannan akwai cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, irin su haukan kare da tarin fuka da murar tsuntsaye, da ciwon gudawa da ake ɗauka daga kunkuru da macizai idan ba a wanke hannu ba. Kafin ta fara, ta je asibiti ta nemi shawara kan allurar tetanus da ta rigakafin haukan kare, ki saya mata takalmin roba mai tsawo da safar hannu da takunkumi, kuma ta riƙa naɗe mayafinta ko ta sa ƙaramin hijabi a wurin aiki, domin biri yana iya fizgo duk abin da ke lilo ta tsakanin waya. Idan ta kiyaye waɗannan, za ta ga yadda ake killace sabuwar dabba na kimanin wata guda kafin a haɗa ta da sauran, da yadda likita yake sumar da babbar dabba da allurar da ake harbawa daga nesa, abubuwan da ba za ta gani a asibitin shanu da kaji ba.

TAMBAYA: Ni harkar yawon buɗe ido nake karantawa, ban san komai game da dabbobi ba. Akwai gurbina a gidan zu?
Daga wani ɗalibi, Bauchi.

AMSA: Akwai, ƙanena, kuma wataƙila kai aka fi buƙata. Gidan zu yana da sashen tikiti da karɓar baƙi da zagayawa da 'yan makaranta, kuma mafi yawan masu ziyara suna wucewa ta gaban keji ba tare da wani ya gaya musu daga ina dabbar ta fito, me take ci, ko me ya sa bai kamata a jefa mata biskit da leda ba. Idan za ka iya tsayawa gaban yara talatin ka yi musu bayanin gauraka da beguwa da raƙumin dawa da Hausa mai daɗi, ko ka rubuta allunan bayani da Hausa a jikin kejin da ba shi da su, ka rubuta hakan ƙarara a takardar neman gurbinka, ka kai ta da hannunka.