Tsohon cocin ƙauyen Kilpeck

Malam, kana tambaya wai da gaske akwai cocin ƙauye a Ingila da ya haura shekara 800 yana tsaye? Sosai ma, duba na Kilpeck da ke Herefordshire dab da iyakar Wales, wajen 1140 aka gina shi da jan dutse zamanin Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, ɗan ƙarami ne fa, ɗaki uku a jere na ƙuryar ya zagaye kamar rabin ƙwarya. Amma sassaƙar ce abin kallo, ƙofar kudu duk macizai da tsuntsaye, ƙarƙashin rufi kuma siffofi sama da 80, har da kare da zomo manne da juna kamar aminai! Garin ne ya mutu bayan annobar 1349, babu masu kuɗin da za su rushe su sabunta, shi ya cece shi.