Abin da ya sa ba a binne gyaɗa

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya caji ne ya yanke min. Kana tambaya wai me ya sa ake binnen gero tun kafin ruwa ya sauka amma gyaɗa sai an jira damina ta zauna, ko camfin mutanen da ne kawai. To wallahi ba camfi ba ne, zafi suke gudu.

Kai ma ka san ƙasarmu ta nan wajen Gumel, rairayi ce zalla, a Afrilu da Mayu zafi har ya haura digiri 40 kuma ƙasar ta fi iskar zafi, ko takalmi ka cire da azahar ka ji a jikinka. Gero zai kwanta abinsa a ciki har ruwa ya same shi, ita ko gyaɗa mai ne a cikinta ba ta da wannan juriyar, ko irin ya mutu a rami ko ɗan yayyafi ya ruɗe ta ta fara tsiro rana ta ƙone ta. Shi ya sa kakanku Allah ya jiƙansa ba ya yarda a ɓare iri sai ana jibi shuka, a ɓawonsa yake zama cikin inuwa.

Babbar maganar ma a wajen fure take. Wata guda da 'yan kwanaki bayan shuka take fure, furen in ya kama sai wani ɗan tsinke ya sauko ya soki ƙasa, a can ƙarƙashi ɗan yake ƙulluwa. Malaman gona sun ce tsakanin digiri 25 zuwa 30 ta fi so, in ya wuce 35 fure da yawa ba ya kamawa, tsinken kuma in ya tarar da ƙasa ta ɗau zafi ta bushe shi ke nan. Ni na taɓa yin gaggawa wata shekara, gona ta yi kore shar ana ta yaba min, da aka zo cira rabi fanko, harawa kawai tumaki suka mora.

Sanyi ma ba ta so, masu noman rani in suka shuka a tsakiyar hunturu sai ta daɗe ba ta fito ba.

In bana za ka yi, ka nemi irin cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya mai nuna cikin kamar kwana 90, ka bari ruwa ya jiƙa ƙasa sosai wajen ƙarshen Yuni. Ka gaida mamanka, ka ce ina nan tafe ranar kasuwar Maigatari.